Ɗinkin Likita

Bai faɗo daga bishiya ba,
ba kuma babur ne ya kaɗe shi a kan gadar Binuwai ba.
Gansakukar bakin rijiya ce, da asuba,
buta a hannu, silifa a ƙafa,
sai muka ji ƙas, kamar an karya rake.
Baba Tanimu, tela shekara hamsin a Yalwa ta Garwa,
yana kwance, ƙafar dama ta gajarce,
yatsunta sun juya suna kallon katanga.

Kawu Ɗanlami ya ce a kai shi ga mai ɗori a Fitowa,
wanda ya ɗora mini hannu ina ɗan shekara tara.
Inna ta ce hannu daban, ƙugu daban,
wannan ƙashin yana can ƙarƙashin nama
inda kara da tsumma ba sa isa.

A asibiti Likita Hamajoda ya ɗaga hoton ƙashi ga fitila.
Ga wuyan ƙashin cinya, in ji shi, nan ya tsinke,
kan ya rage shi kaɗai a gurbinsa
kamar goruba a cikin ƙoƙo.
Ya ja layi uku a bayan takardar magani,
rabi da Fulatanci, rabi da Faransanci,
ni ina juya wa Baba.

A kafa ƙusoshi, a riƙe tsohon kan inda yake.
Ko a cire shi, a sa na ƙarfe, a bar gurbin.
Ko a sake duka, kai da gurbi,
wannan ya fi cin lokaci, ya fi cin jini,
kuɗinsa kuwa sai da ya rage murya.

Baba ya lumshe ido har muka zaci suma ce.
Can ya ce, tambaye shi,
yadin nan nawa zai riƙe zare?
Likita ya yi dariya, sannan ya daina.
Ƙashin ya yi laushi, Baba, karayar ta goce,
jini ba ya kai wa kan.
To, in ji Baba, ruɓaɓɓiyar riga ba ta karɓar faci,
wata uku ta yage a gefen ɗinkin.
Sabuwa kuma ta yi mini tsada a tamanin ba biyu.
A canza hannu ɗaya, a bar mini wuyana.

Mun sayar da keken lantarki da tunkiyar Inna.
Yaya Kande ta turo sefa ta waya daga Duwala,
sau biyu, na biyun ba ta faɗi inda ta samo ba.

Daren tiyata tambayarsa biyu.
Zan sake zaman tahiya a ƙasa?
Likita ya ce kujera tukuna, sauran sai mun gani.
Ƙarfen fa, da shi za a binne ni?
Babu wanda ya amsa.
Ya ce ba komai,
na sha mantawa da allura a aljihun mutane.

Washegari suka tashe shi tsaye.
Na ce ai da wuri, suka ce kwanciya ce abin tsoro.
Taku uku, gumi har gemu,
ya zagi ƙarfen dogarawa, ya nemi gafara,
ya ƙara ɗaya.

Ran da za a cire zare ya ce in miƙo madubi.
Ya karkata shi a gefen cinya,
yana ƙirga da leɓe, goma sha tara.
Ya daɗe yana dubawa.
Hannunsa da tsabta, in ji shi,
amma tazarar ba ta daidaita ba daga nan zuwa nan.
Da yaron shagona ne,
da na sa ya warware.